Wa ya taɓa kwana da yara a otal mai wurin wasan ruwa a cikin gini? Ina neman shawara

Maman_Uku:

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kowa ya wuni lafiya. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa zuwa irin otal ɗin nan da ake haɗa shi da wurin wasan ruwa a rufe, wato ɗakin kwananka na nan a gefe, ka fito da tawul ɗinka ka shiga wani ƙaton zaure mai silaid-silaid (abin zamiya da ake sulalowa a kai zuwa cikin ruwa) da wurin iyo da igiyar ruwa duk a ƙarƙashin rufi ɗaya. Maigida ne ya kawo maganar saboda hutun yara ya matso, su kuma tunda suka ga bidiyon wurin a waya sun hana mu sakat, kullum sai an tambaye ni yaushe za a tafi.

Yarana uku ne. Babban shekararsa 9, ya ɗan iya iyo amma ba can ba, mai bi masa mace ce shekara 6 kuma tana da asma duk da ba ta cika tashi ba, sai autan shekara biyu da 'yan watanni har yanzu yana famfas. Ni gaskiya ban iya ruwa ba ko kaɗan, babansu ne ya iya. To abin da ke hana ni barci shi ne mu biyu ne manya yara uku, kuma kowa da inda zai so ya nufa, yaya ake yi ido ya kai kansu duka? Ko masu gadin ruwan wurin sun isa mutum ya ɗan saki jiki?

Sannan kwana nawa ya kamata a kama ɗakin, shi yana cewa biyu ni ina ganin ɗaya ma ya isa kar yaran su gaji su kama mura. Kuma irin wannan wuri da yake a rufe ba zai tayar wa yarinyar da asmarta ba? Ƙaramin fa, akwai abin da zai mora ko dai wahala kawai zan sha da shi a hannu? Duk wanda ya san wani abu ya taimaka min, ko da ƙaramin abu ne da ya so a ce ya sani kafin ya je. Na gode.

Ummu_Tagwaye:

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Mun je sau biyu, na farko tagwayena suna da shekara uku, na biyu suna da bakwai, kuma wallahi kamar wurare biyu daban muka je, saboda shekarun yaro da tsawonsa su ne ke yanke me zai yi a wurin ba girman otal ɗin ba. Don haka abu na farko tun kina gida ki jingina su da bango ki auna tsawon kowa ba takalmi. Manyan silaid ɗin da ma'auni ake hawansu, yawanci za ki ga santimita 122 na manya-manyan, matsakaitan kuma 107, kuma ma'aikatan ba sa ɗaga ƙafa ko da ɗan yatsa ɗaya ne ya rage. Ki duba shafin wurin ki ga ma'aunin kowane silaid, ki zaunar da mai shekara shidan ki faɗa mata wanda za ta hau da wanda sai baɗi. Na ga yarinya ta bi layi mai tsawo ta hau matakala har sama sannan aka ce ta sauko, kukan da ta yi har yau ina tuna shi, kuma da an gaya mata tun a gida da ba ta sa rai ba.

Maganar kwana kuma ina bayan maigidanki amma da dalili. Da yawa daga cikin otal-otal ɗin nan suna barin mutum ya shiga ruwa tun kafin a ba shi ɗaki, kuma ranar tafiya bayan kin miƙa ɗakin kina iya ci gaba da wanka, to kinga kwana ɗaya yini biyu ke nan a ruwa, amma ki kira ki tabbatar don ba duka ke yin haka ba. Matsalar ita ce auta. Yaro mai shekara biyu awa ɗaya da rabi zuwa biyu ya ishe shi, daga nan sai rigima sai barci, kuma amfanin kwana a wurin gaba ɗaya shi ne ɗaki na kusa, ki ɗauke shi ki haye sama ya yi barcinsa ke ma ki miƙe ƙafa, baban ya ci gaba da manyan. Idan kwana ɗaya ne, yinin farko ba ki samu ɗaki da wuri ba yini na biyu kin riga kin bayar, ina zai kwanta? Kwana biyu ne ke ba ki cikakken yini guda a tsakiya mai ɗaki a hannu, kuma shi ne yinin da muka fi morewa.

Ki haɗa ƙaramar jaka daban da kayan wankan kowa a ciki, kar ki tsaya buɗe akwati a gaban risefshan. Kowa kaya biyu don sa jiƙaƙƙen kaya da safe ba daɗi kuma ba sa bushewa da wuri a ɗaki. Tawul yawanci suna bayarwa. Za su ɗaura muku wani abin hannu na roba, shi ne tikitin shiga, a wasu wuraren shi ke buɗe ƙofar ɗaki har sayayya ana yi da shi, to ki ce su kashe sayayyar a na yara.

Abin da ba wanda ya gaya min shi ne ƙara. Ruwa na zuba, injina na aiki, yara ɗaruruwa na ihu, rufin kuma na dawo da sautin, idan kika kira yaro daga nesa ba zai ji ki ba sam. Sannan akwai wani ƙaton bokiti a saman gidan wasan yara da ke cika ya juye bayan 'yan mintuna, manyan yara suna rububin tsayawa ƙarƙashinsa amma ɗaya daga cikin tagwayen da ya juye kusa da shi ya firgita, yini guda ya ƙi sakin wuyana. Ki fara kai autan ɓangaren jarirai inda ruwan iya idon sawu ne, ya saba tukuna, kar ki wuce da shi ta gindin bokitin nan. Zai mora sosai in sha Allah, su ɗan feshin ruwa ma ya ishe su murna.

Malamin_Iyo:

Hajiya sannu da ƙoƙari, tambayarki ta farko ita ce ta fi komai muhimmanci kuma ita zan tsaya a kai. Na yi aikin gadin ruwa shekaru kafin na koma koyar da yara iyo, don haka abin da zan faɗa daga kan kujerar gadin na gan shi. Mai gadi ba mai reno ba ne. An ba shi yanki ne yana zagaya shi da ido, kawuna da yawa a gabansa, ruwa na motsi, hasken fitila na walƙiya a saman ruwan, ga tiyub-tiyub sun rufe abin da ke ƙasa. Zai yi iya ƙoƙarinsa kuma yawancinsu suna da horo mai kyau, amma shi bai san wanne ne ɗanki ba, bai san wanne ya iya wanne bai iya ba. Ke kika sani.

Kuma mutane suna zaton mai nutsewa ihu yake yi yana ɗaga hannu. Ba haka ba ne wallahi. Yaro na nutsewa shiru, bakinsa na shiga ruwa yana fitowa, ba shi da numfashin da zai yi kira da shi, jikinsa a tsaye kamar mai taka matakala, kuma cikin ƙasa da minti ɗaya yana iya yin ƙasa. Na taɓa tsamo yaro ɗan shekara biyar a ruwan da bai wuce ƙirjin babba ba, mahaifinsa na tsaye bai fi taku huɗu da shi ba ya juya baya yana magana da wani, mutumin kirki ne mai kula da 'ya'yansa, juyawa ɗaya kawai ya yi. Yaron ya tashi lafiya alhamdulillah amma ban manta yadda hannun uban ke rawa ba.

To da ni ne, ga yadda zan raba muku aikin. Ke da auta, kuma ma'aunin shi ne hannunki ya iya kai wa gare shi a kowane lokaci, ba ido kaɗai ba, hannu. Wannan ba ya buƙatar iya iyo tunda ɓangarensu ruwan bai kai gwiwarki ba, amma yana buƙatar ki shiga ruwan da kanki, ba zama a kujera da waya ba. Baban kuma ya riƙe manyan biyu tare, inda ɗaya zai je nan ɗayan zai je, idan babban zai hau silaid ɗin da ƙanwar ba ta kai ba to su biyu su jira shi a ƙasa wurin da yake faɗowa. Idan za ku yi musanya ku faɗa da baki, "na karɓe shi", ɗayan ya amsa. Yawancin abin da na gani yana faruwa ne lokacin da uwa ta ɗauka yana wurin uba, uba ya ɗauka yana wurin uwa.

Laif jaket, wato rigar nan mai hana nutsewa, wurare da yawa suna ajiye ta don baƙi. Ki sa wa mai shekara shida da auta, ke ma ki sa idan za ki wuce inda ruwa ya kai ƙugu, ba abin kunya ba ne. Ki gwada ta, ki kama kafaɗun rigar ki ja sama, in ta haye har kunne ko haɓa ta yi masa yawa a canza. Robar nan da ake hurawa a sa a damtse kayan wasa ce, tana sacewa tana zamewa, kar ki dogara da ita. Shi kuma babban da kika ce ya ɗan iya, shi na fi ji wa tsoro, saboda mai ɗan iyawa shi ke kutsawa inda ya fi ƙarfinsa, musamman wurin igiyar ruwa, kafin a kunna injin ruwan na kwance yana ganin ƙafarsa na taɓa ƙasa, ana kunnawa sai labari ya canza. Can kar ya shiga sai da babansa a gefe. Kayan wankansu kuma ki zaɓi launi mai ɗaukar ido irin ruwan lemo ko ɗorawa mai haske, shuɗi da fari ɓacewa suke yi a cikin ruwa. Da kun shiga ku nuna musu wuri ɗaya da za a haɗu in an rabu, ku nuna musu kalar rigar ma'aikata. Kuma ba gudu, tayil ɗin santsi gare shi, faɗuwa a kai ta fi komai yawa a raunin da muke gani.

Anti_Nas:

Malam ya gama magana, Allah ya saka da alheri. Ni ta ɓangaren lafiya zan ƙara, musamman yarinyar mai asma. Warin nan mai ƙarfi da mutum ke ji da ya shiga wurin wanka a rufe, mutane na cewa ai kulorin ne, wato maganin da ake zuba wa ruwan don kashe ƙwayoyin cuta, ya yi yawa alamar tsafta. A'a. Kulorin ne ya haɗu da gumi da fitsari da dattin jikin mutane ya zama wani sinadari da ake kira kuloramin, shi ke tashi ya tsaya a iskar da ke daf da saman ruwa, daidai inda hancin yara yake, shi ke sa ido ja da tari, kuma yana iya tayar da asma. Wurin da ke da injinan canza iska masu kyau ba za ki ji shi sosai ba. Don haka hancinki ma'auni ne, in kin shiga idonki ya fara yaji cikin 'yan mintuna to ki rage zaman yarinyar a ciki. Kafin tafiya ki kai ta wurin likitanta ki faɗa masa inda za ku, inhela ɗinta kuma ta zauna a jakar da ke bakin ruwa kusa da ke, ba a ɗaki ba ba a loka ba. Tana fara tari ko numfashinta na fito da ƙara ki fitar da ita waje ta sha iska. Yara da yawa masu asma suna iyo lafiya lau, iska mai ɗumi da danshi ma ta fi musu sauƙi a kan busasshiya mai sanyi, ba cewa nake kar ta je ba.

Na biyu gudawa. Dan Allah duk yaron da cikinsa ya lalace kar a sa shi a ruwa ko da an riga an biya ɗaki. Akwai wata ƙwayar cuta kiriftosforidiyum da kulorin ba ya kashe ta da wuri, tana iya yin sama da mako guda da rai a ruwan da aka sa wa magani daidai, yaro ɗaya sai ya shafa wa mutane da yawa. Wanda aka tabbatar yana da ita ana cewa ya jira mako biyu bayan gudawar ta tsaya kafin ya shiga ruwa. Ki koya musu kar su haɗiye ruwan. Autan zai buƙaci famfas na musamman na wanka, na kullum kumbura yake ya yi nauyi, amma shi ma na wankan ba ya tare ƙwayoyin cuta, ɗan jinkiri kawai yake bayarwa, to ki riƙa dubawa duk awa ɗaya kuma a banɗaki za ki canza masa ba a kan kujerar bakin ruwa ba. Manyan ma duk awa a kai su fitsari ko sun ce ba sa ji.

Bahon ruwan zafi mai kumfa da ake cewa jakuzi, kar auta ya shiga, ƙasa da shekara 5 ba a so, zafinsa na iya kai digiri 40 kuma jikin ƙaramin yaro na ɗaukar zafi da sauri. Ku watsa ruwa kafin shiga da bayan fitowa, a goge kunne da tawul a karkata kai ruwan ya fita, kar a tura auduga ciki. Ki ba su ruwan sha akai-akai, mutum na cikin ruwa yana gumi bai sani ba. Maganar mura kuma ƙwayar cuta ke kawo ta ba jiƙewa ba, abin da za ki lura da shi shi ne in leɓen yaro ya canza kala yana karkarwa, ki naɗe shi a tawul ya huta.

Baban_Yara_Matafiyi:

Ni dai zan ɗan saɓa da Ummu_Tagwaye a maganar kwana, da girmamawa. Mu kwana biyu muka yi kuma a yini na uku yaran ko kallon ruwan ba sa son yi, ƙafafu sun yi tsami. Ba a lissafa matakala, kowane silaid sai ka hau bene hawa huɗu ko biyar wani lokacin da tiyub a kafaɗa, ka sauko cikin daƙiƙa kaɗan ka sake komawa. Da suka gaji da ruwa sai suka koma wurin wasannin gem da shagunan da aka jera a hanyar ɗaki, kuma nan kuɗin ke tafiya ba a ɗakin ba. Duk wanda zai je ya yanke wa kowane yaro abin da zai kashe tun a gida. Amma na yarda mu ba mu da ɗan shekara biyu a lokacin, mai goyo lissafinta daban ne.

Abin da zan ƙara shi ne ki san wane iri za ku, don sunan ɗaya ne amma ba girma ɗaya ba. A Amurka garin Wisconsin Dells ne cibiyar abin, wuri ne mai tsananin sanyi da dusar ƙanƙara, masu otal suka rufe wurin wasan ruwa da gini don su samu baƙi duk shekara, daga can otal ɗin Great Wolf Lodge ya faro a 1997, otal ɗin Kalahari kuma a 2000, kuma irinsu an gina su ne kacokan don iyali masu ƙananan yara, ɗumin ciki wajen digiri 29. A Jamus akwai Tropical Islands kudu da Berlin da aka buɗe a 2004 cikin wani gini da aka yi don ƙera jirgin balan-balan, tsawonsa mita 360 tsayinsa 107, har tanti ake kwana a ciki. Na Kanada a West Edmonton Mall tun 1986 yake. Wani kuma otal ne kawai mai silaid biyu da ɗan wurin yara ya kira kansa da wannan suna. To ƙarami kwana ɗaya ya ishe shi, babba kuma ki nemi ɗaki kusa da ƙofar ruwa don tafiyar da ke tsakani da jiƙaƙƙen yaro a kafaɗa ba wasa ba ce. In da hali ku je tsakiyar mako, ku shiga da an buɗe da safe, awar farko layi babu kowa.

Maman_Uku:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Malam maganarka ta shige ni, na karanta wa maigida ita jiya da dare kuma mun amince da rabon, ni da auta shi da manyan. Na auna su yau da safe, babban 134 yarinyar 113, kenan ita matsakaitan kawai za ta hau, na fara lallashinta tun yanzu. Anti, na kama wa yarinyar ranar ganin likita. Saura abu ɗaya, tunda ya zama dole in shiga ruwan da kaina, ni ban saba da kayan wanka ba kuma na fi son mai rufe jiki, suna barin mutum ya shiga da doguwar riga da wando kuwa?

Ummu_Tagwaye:

Suna bari 'yar uwa, ni ma mai dogon hannu da dogon wando nake sawa, amma yadin ne abin dubawa. Ki nemi wanda aka ɗinka don wanka, irin yadin roba mai santsi da ba ya shan ruwa. Auduga wurare da yawa ba sa yarda da ita saboda tana jiƙewa ta yi nauyi kuma zarenta na toshe matatar ruwa, sannan duk abin da ke da zif ko maɓallin ƙarfe ba a hawa silaid da shi don yana karce shi. Kar ya zama mai faɗi sosai yana yawo a ruwa, yana iya naɗe miki ƙafa ko ya maƙale a wani abu, ki samu wanda rigar ke ɗaurewa da wandon ta ciki. Ki ɗauki hotonsa ki tura musu ta imel kafin ku biya, in sun amsa ki ajiye amsar a waya ko da wani ma'aikaci zai tambaya a bakin ƙofa. Ki gwada shi a gida ƙarƙashin shawa ki ga yadda yake zama in ya jiƙe, kuma ki sayi takalmin ruwa mai kama ƙasa tunda da auta a hannu za ki riƙa tafiya a kan tayil ɗin nan.